Wasiƙa zuwa ga Edita: Me masana'antar zamani take bar wa garin da aka kafa ta?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da jaridu ke yawan kawo labarinsa, amma ba kasafai suke bin sawunsa ba bayan an tashi daga biki. Duk lokacin da aka aza harsashin wata babbar masana'anta ta zamani, a kowace ƙasa ce, alƙaluma biyu ne suke hawa kanun labarai, wato yawan kuɗin da za a zuba da yawan mutanen da za a ɗauka aiki. A ganina waɗannan alƙaluma biyu su ne mafiya rauni wajen gane ko masana'antar za ta ɗaga garin da aka kafa ta a cikinsa. Abin da ke ɗaga gari shi ne ƙwarewar da ta shiga hannun mutanensa, da ƙananan kamfanonin da suka taso a gefen babbar masana'antar har suka iya tsayawa da ƙafafunsu, kuma babu ɗayansu da ke fitowa a hoton ranar buɗewa.

Ya kamata a fara da gaskiyar da masu jawabi ba sa son faɗa, wato masana'antar zamani ba ta ɗaukar mutane da yawa idan aka auna da irin kuɗin da take ci. A 1913, lokacin da Henry Ford ya shigo da layin haɗa mota mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park da ke yankin Detroit a Amurka, dubban mutane ne suke tsaye a jere, kowa da notin da yake ɗaurawa, kuma wanda bai yi nisa a karatu ba yana iya koyon aikinsa cikin 'yan kwanaki. A 1914 Ford ya mai da ladan yini dala 5, fiye da ninkin abin da yake biya a da, jama'a kuwa suka yi ta kwarara zuwa birnin. Wannan hoton ne ya zauna a zukatan mutane har yau idan aka ambaci masana'anta. Amma wanda ya shiga inda ake ƙera kayan jirgin sama ko na'urorin asibiti a yau zai tarar da babban zaure mai tsabta, injuna a rufe suna sassaƙa ƙarfe bisa umarnin kwamfuta, ma'aikaci ɗaya kuma yana kula da uku ko huɗu daga cikinsu. Lokacin da kamfanin Boeing mai ƙera jiragen sama ya buɗe masana'antarsa ta farko a Turai a 2018, a Sheffield ta Ingila, ya kashe fiye da fam miliyan 40, amma ma'aikatan da suka fara aiki a cikinta ba su kai 100 ba. A Amurka masu aiki a masana'antu sun kai kimanin miliyan 19 da rabi a 1979, yanzu kuwa ba su kai miliyan 13 ba, alhali yawan jama'ar ƙasar ya ƙaru ƙwarai. Saboda haka duk shugaban da ya tsaya ya ce masana'anta guda irin wannan za ta kwashe matasan gari daga zaman banza, ko dai an ruɗe shi, ko kuma yana ruɗin masu sauraronsa.

Mai karatu yana iya tambaya, to in haka ne, me ya sa garuruwa da ƙasashe suke rububin irin waɗannan masana'antu? Amsa ta farko tana cikin inda kuɗinsu ke fitowa. Mai aski da magini da direban haya suna juya kuɗin da ke cikin gari ne tsakanin mutanen garin, amma masana'antar da ke sayar da kayanta a wata ƙasa kuɗin waje take jawowa, ta raba su ta hanyar albashi da haraji da sayayya. Masanin tattalin arziki Enrico Moretti ya ƙiyasta daga biranen Amurka cewa kowane sabon aiki a masana'anta yana haifar da kimanin aiki 1.6 a sana'o'in hidima na garin, kuma idan aikin na fasahar zamani ne adadin yana kusantar 5, domin albashin ya fi tsoka. Akwai masanan da ke ganin wannan ƙiyasi ya yi yawa, kuma ni ma ina ɗaukarsa da taka-tsantsan, domin ya dogara ne a kan ma'aikatan su zauna a garin, su yi haya ko su yi gini a nan, su sa 'ya'yansu a makarantun garin. Inda ake kawo ƙwararru daga waje, a ajiye su a wata unguwa mai katanga, su aika da albashinsu gida, lissafin ba ya fita.

Amma ko da lissafin ya fita, wannan shi ne ƙaramin rabon gari. Babban rabon yana zuwa ne ta wata hanya da ba a cika lura da ita ba, kuma ina so in tsaya a kanta da kyau.

A ɗauki mai ƙaramin wurin sassaƙar ƙarfe, wanda ya shekara da shekaru yana ƙera kayan gyaran injuna, kuma abokan cinikinsa suna yabon hannunsa. Sai babbar masana'anta ta miƙo masa zane, tana son wani ɗan sandan ƙarfe mai kaurin milimita 20, da sharaɗin kada ya ƙaru ko ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Kaurin silin gashin mutum ya ninka wannan tazara kusan sau bakwai. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a irin wannan aiki kimar ido ba ta da wurin zama. Ya ƙera samfuri ya kai, injiniyan masana'antar ya auna, ya mayar masa da rabi. Ya koma ya sake aunawa da nasa ma'aunin, ya ga daidai suke, ransa ya ɓaci. Sai injiniyan ya zo wurin da kansa, ya tarar ana auna ƙarfen ne da ɗuminsa daga fitowarsa daga inji, alhali ƙarfe yana buɗewa da zafi: sanda mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kimanin kashi 12 cikin dubu na milimita a kowane digiri ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa aka yi ittifaƙi a duniya cewa awon ƙa'ida ana yin sa ne a digiri 20 na ma'aunin Salshiyos. Ke nan dole mai wurin ya keɓe ɗakin awo mai na'urar sanyaya iska, ya riƙa gwada ma'auninsa da ƙarafan gwaji da aka tabbatar da girmansu, ya san bayan guda nawa bakin abin sassaƙa ke dakushewa domin ya canja shi tun bai ɓata aiki ba, ya kuma rubuta wane ƙarfe aka yi amfani da shi, a wane inji, a hannun wane ma'aikaci, ta yadda in an sami matsala bayan shekara biyu za a iya bin sawunta. Daga nan sai neman takardar shaidar inganci irin ta ISO 9001, kuma masu ƙera motoci da jiragen sama suna da nasu ƙarin sharuɗɗan da suka fi wannan tsauri. Ga kuma wahalar kuɗi, domin manyan kamfanoni sukan biya ne bayan wata biyu ko uku da karɓar kaya, don haka in babu bankin da ya fahimci irin wannan ciniki, mai ƙaramin jari yana iya durƙushewa da odar a hannunsa.

Wanda ya jure wannan horo ya zama wani mutum dabam. Ba ya bukatar masana'antar da ta koya masa domin ya rayu, saboda duk wani mai saye a duniya da ke neman irin wannan inganci zai iya ba shi aiki, yaran da suka koya a hannunsa kuma za su fita su buɗe nasu wuraren da wannan tarbiyya ta awo da rubutu. Wani bincike da Michael Greenstone da Richard Hornbeck da Moretti suka wallafa a 2010 ya kwatanta yankunan Amurka da suka yi nasarar jawo babbar masana'anta da waɗanda suka zo na biyu a takarar, ya gano cewa bayan shekara biyar tsofaffin masana'antun yankin da ya yi nasara sun fi na ɗayan ƙwazon samarwa da kimanin kashi 12 cikin ɗari. Waɗannan tsofaffin masana'antu ba a ba su ko sisi ba. Maƙwabtaka ce ta amfane su, ta hanyar ma'aikatan da ke sauya wurin aiki da dabarun da ke yawo tare da su.

Sai dai wannan ba ya faruwa da kansa, kuma tarihin wurare biyu ya isa shaida. Tun 1965 Meziko ta ba kamfanonin waje damar kafa masana'antun haɗa kaya a garuruwan iyakarta da Amurka, irin su Tijuana da Ciudad Juárez, inda ake shigo da sassa ba tare da kuɗin fito ba, a haɗa su, a mayar. Mutane masu ɗimbin yawa sun sami aiki, amma shekaru da dama abin da waɗannan masana'antu suke saye daga kamfanonin cikin gida bai wuce ɗan kaso ƙalilan ba, kuma da Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, ayyuka masu yawa suka tattara suka koma can, domin arhar ƙwadago ce kaɗai ta riƙe su. Tsibirin Penang na Malesiya ya fara ne daga irin wannan matsayi. Bayan ya rasa matsayinsa na tashar jiragen ruwa marar kuɗin fito, gwamnatin jihar ƙarƙashin Lim Chong Eu ta buɗe yankin masana'antu a Bayan Lepas a 1972, kamfanonin kayan lantarki irin su Intel da AMD da Hewlett-Packard suka shigo, aikin farko kuma bai wuce 'yan mata su zauna gaban madubin ƙara girma suna haɗa siraran wayoyin lantarki ba. Bambancin shi ne hukumomin jihar sun riƙa haɗa manyan kamfanonin da ƙananan maƙeran ƙarfe na garin, manajojin da suka taso daga cikin 'yan ƙasa suka riƙa ba su ayyukan gwaji, a 1989 kuma kamfanonin da gwamnatin jihar suka haɗa hannu suka kafa cibiyar koyar da ƙwarewa wadda kamfanonin ne suke tsara abin da ake koyarwa a cikinta. A 2000 wasu injiniyoyi biyu da suka yi aiki a Hewlett-Packard suka kafa kamfanin ViTrox, wanda ke ƙera na'urorin da ke duba ingancin kayan lantarki da kyamara, yana kuma sayar da su a ƙasashen duniya. Shekara 28 ke tsakanin buɗe yankin da kafa wannan kamfani, kuma duk mai son ya san saurin wannan tafiya ya riƙe wannan adadin.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Eindhoven a ƙasar Holan, domin a can an ga ƙarshen labarin, an kuma ga abin da ya biyo bayansa. Kamfanin Philips, wanda aka kafa a 1891 domin yin ƙwan fitila, shi ne uwa da uban garin kusan shekara ɗari: shi ke gina gidaje, shi ke ɗaukar nauyin ƙungiyar ƙwallo, shi ke da babban ɗakin bincike. A farkon shekarun 1990 kamfanin ya shiga matsala ya sallami dubban ma'aikata, a 1993 kamfanin manyan motoci na DAF da ke garin ya karye, daga baya Philips ya kwashe hedikwatarsa zuwa Amstadam. Mutane da yawa sun ɗauka garin ya gama yawo. Abin da ba su lissafa ba shi ne masu ƙera kayan aiki da injiniyoyin da Philips ya horar ba su tafi ko'ina ba, ƙananan kamfanonin da ke yi masa aiki kuma suna nan da injunansu. A 1984 Philips da wani kamfani sun haɗa jari sun kafa ASML, wanda ya fara aiki a wata rumfa mai yoyo kusa da ginin Philips. A yau wannan kamfani, da ke Veldhoven a gefen Eindhoven, shi kaɗai ne a duniya yake ƙera injin da ake zana mafi ƙanƙantar layukan cif ɗin kwamfuta da shi, wato ɗan ƙaramin sashen da ke zama ƙwaƙwalwar na'ura. A cikin injin ana harbin ɗigon narkakkiyar kuza da hasken leza sau 50,000 a kowace daƙiƙa domin a samar da wani haske mai tsawon zango nanomita 13.5, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Inji guda yana da sassa fiye da 100,000, kuɗinsa ya haura dala miliyan 150. Abin lura ga batunmu shi ne ASML ba ya ƙera mafi yawan waɗannan sassa da kansa. Madubai suna zuwa daga Zeiss, leza daga Trumpf, dukansu a Jamus, sassa masu yawa kuma daga kamfanonin yankin irin su VDL da Prodrive da ɗaruruwan ƙanana da ba a jin sunansu. Wata ƙasa tana iya sayen fili ta gina zaure irin na ASML cikin shekara biyu, amma ba ta da inda za ta sayo wannan zuriya ta maƙera da suka shafe shekaru suna aiki da juna.

Wannan ya kawo ni ga batun horo, inda nake ganin ana yawan tafka kuskure. Idan aka ce injiniyanci, hankalin iyaye da gwamnatoci yakan tafi ga digirin jami'a, alhali masana'antar zamani tana bukatar masu ƙwarewar hannu da yawa a bayan kowane injiniya mai zane: mai saita injin sassaƙa, mai ƙera ƙarfen zubi da ake zuba narkakkiyar roba a ciki, mai walda da ya ci jarrabawar walda, mai gyaran na'urorin da ke sarrafa kansu, mai awo. Su ne suke wuyar samu, domin sana'arsu ba ta koyuwa daga allo kaɗai. A Jamus matashi yakan shiga kamfani a matsayin ɗan koyo na shekara biyu zuwa uku da rabi, yana kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran a makarantar sana'a, ana biyansa alawus, a ƙarshe ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta yi masa jarrabawa, takardarsa kuma ta karɓu a duk faɗin ƙasar. Sana'o'in da aka amince da su a wannan tsari sun haura 300. Da irin wannan horo ne garin Tuttlingen, mai mutane kimanin 35,000, ya zama cibiyar ƙera kayan tiyata, inda yankin ke da kamfanoni wajen 400 a wannan fanni, asalinsu kuwa maƙeran wuƙaƙe ne. Inda ake bukatar injiniyoyi masu zurfin ilimi ma, makaranta ce take riga masana'anta zuwa. Barazil ta kafa makarantar injiniyancin jiragen sama ta ITA a 1950, wadda ke São José dos Campos, sai a 1969 aka kafa kamfanin Embraer mai ƙera jiragen sama a garin, shugabansa na farko Ozires Silva kuma ɗalibin makarantar ne. Taiwan ta kafa cibiyar binciken fasahar masana'antu ta ITRI a 1973, ta tura matasan injiniyoyi Amurka su koyi yin cif a kamfanin RCA a 1976, ta buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu kusa da manyan jami'o'i biyu a 1980, kafin a kafa kamfanin ƙera cif na TSMC a 1987. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wa'adin ɗan siyasa shekara huɗu ne ko biyar, shi ya sa ginin da za a iya buɗewa kafin zaɓe yake samun kuɗi, makarantar sana'a kuma take zama da tsofaffin injuna.

Ba zan yi adalci ba in na tsaya a kan alheri kaɗai. Garuruwa sukan yi gasar ba kamfanoni rangwamen haraji da fili da hanya da ruwa, kuma wani lokaci abin da aka bayar yakan fi abin da aka samu. A 2017 kamfanin Foxconn mai haɗa kayan lantarki ya yi alkawarin zuba dala biliyan 10 a jihar Wisconsin ta Amurka da ɗaukar mutum 13,000, jihar kuma ta amince da tallafin kusan dala biliyan 3. A 2021 aka sake yarjejeniyar, jarin ya koma dala miliyan 672, ayyukan kuma 1,454. Jihar ta tsira da mafi yawan kuɗinta saboda ta ɗaure tallafin da adadin ayyukan da aka samar a zahiri, amma ƙananan hukumomin yankin sun riga sun ci bashi sun sayi filaye, sun tashi mutane daga gidajensu, sun shimfiɗa bututun ruwa. Ko inda aka yi nasara ma akwai masu biyan farashinta. Masana'antun cif suna shan ruwa da wuta ba kaɗan ba, kuma a farin da aka yi a Taiwan a 2021 gwamnati ta dakatar da ban-ruwa a kusan kashi ɗaya cikin biyar na gonakin da ake shayarwa, ta biya manoma diyya, masana'antu kuma suka ci gaba da aiki. A Eindhoven kuɗin haya ya yi tashin da ma'aikacin jinya ko malamin makaranta ke shan wuya kafin ya sami muhalli, har a 2024 gwamnatin Holan da hukumomin yankin suka ware yuro biliyan 2.5 domin gidaje da sufuri da ilimi da layukan wuta, don gudun kada ASML ya kai faɗaɗawarsa wata ƙasa. Ɗan garin da bai sami horo ba yana iya wayar gari ya ga arzikin garinsu ya ƙaru a takarda, shi kuwa abin da ya ƙaru a wurinsa kuɗin haya ne kawai.

Akwai kuma haɗarin gari ya rataya rayuwarsa a wuyan sana'a guda. Detroit tana da mutane kimanin miliyan 1.85 a 1950, a ƙidayar 2020 kuwa ba su kai 640,000 ba, kuma a 2013 hukumar birnin ta bayyana karyewa da bashin kimanin dala biliyan 18. Dalilan suna da yawa, daga ƙaurar masana'antu zuwa wajen gari da jihohin kudu, zuwa rikicin launin fata da gasar motocin Japan, amma akwai abu biyu da suka shafi batunmu kai tsaye. Mafi yawan ma'aikatan layin haɗa mota aiki guda suka iya, wanda ba shi da kasuwa in layin ya tsaya. Sannan cibiyoyin zane da injiniyoyin mota, waɗanda har yau suna yankin, sun zauna ne a garuruwan kewaye, harajinsu ma can yake shiga, birnin kuma aka bar shi da tsofaffin gine-gine da nauyin fansho. Rochester ta jihar New York ta gamu da irin wannan bugu, domin kamfanin kyamara da fim na Kodak yana da ma'aikata kimanin 60,000 a can a 1982, ya kuma bayyana karyewa a 2012 bayan kyamarar dijital ta kashe kasuwar fim. Talauci ya yi katutu a tsakiyar birnin, ba a musun wannan, amma yankin bai rushe kamar Detroit ba, saboda ilimin madubi da haske da Kodak da Xerox da Bausch & Lomb suka shuka, tare da cibiyar nazarin haske da Jami'ar Rochester ta kafa tun 1929, ya watsu cikin ƙananan kamfanoni masu yawa da tsofaffin ma'aikata suka buɗe ko suka shiga.

Saboda haka, ya Edita, roƙona ga wakilanka shi ne idan aka gayyace su bikin buɗe irin wannan masana'anta, su ƙara wasu tambayoyi a kan na kullum. Su tambayi kaso nawa na sassa da kayan aiki za a saya daga kamfanonin yankin, da kuma wanda aka ɗora wa alhakin taimaka wa waɗannan kamfanoni su kai matsayin ingancin da ake bukata. Su tambayi 'yan koyo nawa za a ɗauka kowace shekara, wace takarda za su fita da ita, kuma ko wani kamfani dabam zai karɓe ta. Su binciki ko zanen kaya da gyaran manyan injuna a nan za a yi su, ko kuwa duk lokacin da inji ya tsaya sai an jira wani ya sauka daga jirgi. Su nemi ganin yarjejeniyar tallafi, su duba ko an rubuta abin da kamfani zai mayar idan bai cika alkawari ba, da kuma wanda zai biya kuɗin hanya da ruwa da wuta in aikin ya tsaya a rabi. Bayan shekara biyar kuma ina fatan jaridarka za ta sake tura wakili, ya wuce ƙofar babbar masana'antar, ya zagaya ƙananan wuraren ƙira da ke kewaye da ita, ya ƙirga nawa ne a cikinsu suke da ɗakin awo, nawa ne kuma suke sayar wa wani kamfani ban da ita.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Wassalam,
Naka mai karatu a kullum.